Arzikin gida, asali da jinsi: wanne ya fi tasiri a sakamakon jarrabawa?

Malamar_Aji ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni malamar sakandare ce, kuma a bana aka ɗora mini aikin tattara sakamakon jarrabawar kammalawa ta ɗalibanmu na shekaru biyar da suka wuce, domin a tattauna a taron malamai. Da na jera sunaye da maki, sai na lura da abubuwan da suke maimaita kansu kowace shekara. Yaran da iyayensu suka yi karatu kuma suke da abin hannu su ne suka cika saman jerin. 'Yan mata sun fi samari maki a darussan harshe da rubutu, amma kaɗan ne daga cikinsu suke zaɓar lissafi mai zurfi da fiziks. Sannan akwai yaran wata ƙabila marasa rinjaye a makarantar, waɗanda yawancinsu suka taru a ƙasan jerin.

Da na gabatar da wannan a taron, musu ya kaure. Wani abokin aikina ya ce talauci ne kawai, sauran duk ƙari ne. Wani ya ce al'adar waɗancan mutane ce ba ta ɗauki karatu da muhimmanci ba. Wata kuma ta ce ƙwaƙwalwa baiwa ce daga Allah, kuma bai kamata mu tsaya muna rarraba yara gida-gida ba. Aka tashi ba tare da an cimma matsaya ba. Tambayata ga masana a nan ita ce: me bincike ya tabbatar game da waɗannan abubuwa, wanne ne ya fi nauyi a cikinsu, kuma shin makaranta tana da hannu a wannan tazara ko kuwa tana karɓar abin da gida ya turo mata ne kawai?

Mai_Nazarin_Alƙaluma ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Idan dole ne a zaɓi ɗaya, to abokin aikinki na farko ya fi kusa da gaskiya, domin a duk inda aka yi babban bincike, matsayin iyali ta fuskar dukiya, sana'a da ilimin iyaye shi ne ya fi kowane abu nuna inda makin yaro zai tsaya.

Binciken da ya buɗe wannan ƙofa shi ne wanda James Coleman ya jagoranta a Amurka, aka fitar da rahotonsa a 1966. An gwada ɗalibai sama da 600,000 a makarantu kimanin 4,000, kuma abin da ake sa ran gani shi ne cewa bambancin gine-gine, littattafai da kuɗin da ake kashe wa makarantu ne ya jawo tazara tsakanin 'ya'yan baƙar fata da na farar fata. Sai sakamakon ya ba mutane mamaki: yanayin gidan da yaro ya fito, da kuma irin gidajen da abokan ajinsa suka fito, sun fi kayan makaranta tasiri nesa ba kusa ba. Bayan fiye da shekara hamsin, gwajin PISA da OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe galibi masu arziki, take yi wa 'yan shekara 15 ya nuna abu makamancin haka. A zagayen 2018, idan aka raba ɗalibai gida huɗu bisa matsayin iyali, tazarar makin karatu tsakanin rukunin sama da rukunin ƙasa ta kai maki 89 a matsakaicin ƙasashen ƙungiyar, alhali tazarar da ke tsakanin mata da maza a wannan darasi ba ta wuce maki 30 ba. Kin ga ke nan ta farko ta kusa ninka ta biyu sau uku. A Amurka ma Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna a 2011 cewa giɓin da ke tsakanin 'ya'yan masu kuɗi da 'ya'yan talakawa ya ƙaru da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ga yaran da aka haifa a 2001, idan aka kwatanta da waɗanda aka haifa shekara 25 kafin nan.

Amma faɗin cewa talauci ne bai isa bayani ba, sai an faɗi ta wace hanya yake shiga takardar jarrabawa. Hanya ta farko a fili take: yaron da ya kwana da yunwa, wanda ba shi da wurin zama ya yi bita cikin natsuwa, wanda yake yawan fashin makaranta saboda rashin lafiya ko saboda yana taimaka wa iyaye neman abinci, kuma babu mai biya masa kuɗin darasin ƙari, ba zai shiga ɗakin jarrabawa da shiri ɗaya da ɗan'uwansa ba. Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa, kuma ita ce masanin zamantakewa na Faransa, Pierre Bourdieu, ya kira jarin al'ada. Ma'anarsa ita ce, akwai dukiyar da ba kuɗi ba wadda iyaye masu ilimi suke gadar wa 'ya'yansu tun suna raye: irin hirar da ake yi a gida, sabo da littafi, sanin yadda ake yi wa malami magana, sanin wane darasi ne yake kai wa ga wane fanni a jami'a. Makaranta ba ta koyar da waɗannan abubuwa dalla-dalla, amma tana ba da maki a kansu, sai ta ɗauki abin da yaro ya gada ta sa masa suna hazaƙa.

Basil Bernstein na Birtaniya ya bi ta ɓangaren harshe. Ya ce 'ya'yan leburori sun saba da magana gajera wadda ta dogara da cewa mai sauraro ya riga ya san abin da ake nufi, su kuwa 'ya'yan masu ilimi sun saba kuma da magana mai faɗaɗa bayani, wadda ita ce harshen littafi da na mai tsara tambayoyin jarrabawa. An soki wannan ra'ayi, musamman William Labov da ya nuna cewa yaran baƙar fata na unguwar Harlem a birnin New York da ake cewa ba su iya magana ba suna kawo hujja mai tsari da zarar an fitar da su daga yanayin da suke jin ana tuhumarsu. Ni a ganina duka biyun suna da gaskiya: yaron yana da hankalinsa cikakke, amma takardar tana tambayarsa da harshen da ba a gidansu ake yinsa ba.

Kada dai a manta cewa duk wannan magana ce ta matsakaici. A wannan gwaji na 2018, kusan ɗaya cikin goma na ɗaliban da suka fito daga gidaje mafi ƙarancin hali sun shiga rukunin da ya fi kowa maki a ƙasashensu.

Tsohon_Shugaban_Makaranta ya amsa:

Malam Mai Nazari ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a kan barin maganar a nan, domin idan aka ce komai daga gida yake, mu malamai mun wanke hannunmu ke nan. Bari in fara da batun ƙabila, wanda shi ne aka fi yi wa kuɗin goro.

Ingila ta fi yawancin ƙasashe tattara sakamako bisa asali, saboda haka a nan ne ake ganin abin sarai. A jarrabawar GCSE da ake yi a shekara 16, yaran da asalinsu 'yan Sin ne da 'yan Indiya su ne kan gaba shekara da shekaru, yaran ƙabilar Roma, waɗanda aka fi sani da Gypsy, da na al'ummar matafiya 'yan asalin Ayaland su ne a ƙarshe. Baƙar fata ba rukuni ɗaya ba ne: waɗanda iyayensu suka zo daga Afirka sun wuce matsakaicin fararen fata 'yan ƙasa, su kuwa 'yan asalin tsibiran Karebiyan suna ƙasa da shi. 'Yan asalin Bangaladesh suna baya ƙwarai a shekarun 1990, amma yanzu sun wuce fararen fata. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, ɗan asalin Sin da talaucin gidansu ya sa ake ba shi abincin makaranta kyauta yakan fi matsakaicin farar fata wanda ba talaka ba maki, alhali samarin fararen fata 'ya'yan talakawa suna cikin rukunan da suka fi kowa faɗuwa, har wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya fitar da rahoto a kan fararen fata 'ya'yan talakawa, maza da mata, a 2021. Wannan ya rusa maganar cewa talauci ne kaɗai, domin talauci ɗaya bai yi wa kowa illa ɗaya ba. Ya kuma rusa maganar jini ko halitta, domin jinin 'yan Bangaladesh bai canza cikin shekara ashirin ba.

John Ogbu, masanin halayyar al'umma haifaffen Najeriya wanda ya koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ba da bayanin da har yau nake ganin ya fi kama hankali. Ya raba marasa rinjaye gida biyu: waɗanda suka yi ƙaura da son ransu suna neman ci gaba, da waɗanda aka mayar da su marasa rinjaye da ƙarfi, ta hanyar bauta ko mamaya. Na farko suna kallon makaranta a matsayin tsani, suna kwatanta halinsu da abin da suka baro. Na biyu kuwa sun ga kakanninsu da iyayensu sun yi karatu an hana su aiki, saboda haka ba su yarda cewa takardar shaida za ta biya su wahalarsu ba. Misalin da ya kawo shi ne na 'yan Koriya, waɗanda suke baya a makarantun Japan inda mulkin mallaka ya kai kakanninsu, amma suke kan gaba a makarantun Amurka. An zargi Ogbu da ɗora laifi a kan waɗanda aka zalunta, kuma zargin ba a banza yake ba, sai dai darasin da na ɗauka daga gare shi shi ne: idan aka ce al'adar wasu ba ta son karatu, a tambaya me karatun ya taɓa tsinana musu.

Yanzu ga namu hannun. A Indiya, Rema Hanna da Leigh Linden sun ba malamai takardun jarrabawa su duba, bayan sun liƙa wa kowace takarda bayanin ɗalibi da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a. A can al'umma ta rabu rukuni-rukuni bisa matsayin da mutum yake gada tun haihuwa, kuma takardar da aka ce ta ɗan ƙasƙantaccen rukunin gado ce ta samu maki ƙasa da wadda aka ce ta ɗan babban rukuni ce. Bambancin ba shi da yawa, amma ya wanzu. A Ingila, Simon Burgess da Ellen Greaves sun kwatanta makin da malamin aji ya ba yaro ɗan shekara 11 da makin da ya samu a jarrabawar da baƙo ya duba, suka ga malamai sun fi rage wa yaran Karebiyan daraja. Steve Strand kuma ya gano cewa ko da makinsu na baya ya yi daidai da na farar fata, an fi sanya su a takardar ƙaramin mataki a lissafi da kimiyya, wadda komai ƙoƙarin yaro ba zai iya samun daraja ta sama a cikinta ba. An yanke masa hukunci tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Ni kaina na yi irin wannan kuskure a wata makaranta da na shugabanta. Saboda ana auna mu da yawan waɗanda suka haye makin cin jarrabawa, sai muka tattara ƙwararrun malamai da darasin ƙari a kan yaran da suke dab da hayewa, muka bar na ƙasa da sunan ba za su yi ba ko an wahala. Daga baya na karanta cewa David Gillborn da Deborah Youdell sun bayyana wannan ɗabi'a a makarantu biyu na Landan tun a shekarar 2000, suka kwatanta ta da yadda ake tantance majinyata a fagen yaƙi. Da na koma na duba sunayen waɗanda muka yanke wa ƙauna, kusan dukkansu 'ya'yan marasa ƙarfi ne, kuma ban taɓa zama na yi niyyar hakan ba.

Ɗalibar_Ilimin_Zamantakewa ta amsa:

Da izinin malamaina, zan taɓa batun jinsi, domin shi ne wanda ya juya cikin ɗan lokaci har ya nuna cewa waɗannan tazarori ba dawwamammu ba ne.

A PISA ta 2018 'yan mata sun fi samari a karatu a dukkan ƙasashen da suka shiga, samari kuma sun fi su a lissafi da maki 5 kacal a matsakaicin OECD, har ma a ƙasashe irin su Finland, Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mata ne gaba a lissafin. Abin da Malama ta gani a jerinta, ashe, ba baƙon abu ba ne. Fifikon mata a ƙananan shekaru ma tsoho ne, an dai daɗe ana danne shi. A birnin Birmingham na Ingila an tanadi guraben makarantun haziƙai ga maza fiye da mata, wanda ya sa yarinya sai ta fi yaro maki kafin ta samu shiga, har kotun ƙoli ta wancan lokaci ta yanke hukunci a 1989 cewa hakan nuna bambanci ne da ya saɓa wa doka.

Da aka fara GCSE a 1988, tare da ba da maki a kan aikin da ɗalibi yake yi cikin shekara, tazarar ta faɗaɗa, sai mutane da yawa suka ce tsarin ne ya fifita mata saboda sun fi tsare aiki da tsabtar rubutu. Amma an cire yawancin wannan aiki a gyaran da aka fara jarrabawarsa a 2017, kuma mata ba su sauka daga gaba ba. Bayanin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne canjin buri. Sue Sharpe ta yi hira da 'yan matan makarantun Landan a shekarun 1970, ta tarar abin da ke gabansu shi ne soyayya, aure da 'ya'ya, aiki kuma yana can baya. Da ta koma irin waɗannan makarantu a shekarun 1990, sai ta tarar aiki da dogaro da kai sun hau sama. Wannan ya yi daidai da abin da Baba Shugaba ya kawo daga Ogbu: mutum yana zuba ƙarfinsa ne a inda ya ga zai girba.

A ɓangaren samari, Paul Willis ya bi wasu 'ya'yan leburori 12 a tsakiyar Ingila a shekarun 1970, ya ga yadda suke ɗaukar zama a yi karatu a matsayin rauni da aikin mata, suna jiran ranar da za su shiga masana'anta. Masana'antun sun rufe, amma ɗabi'ar ba ta gushe ba. Kuma son rai wajen ba da maki ba kullum yake cutar da mata ba: Victor Lavy ya kwatanta makin malamai da na jarrabawar da ake ɓoye suna a Isra'ila, ya ga samari ne malamai suke rage wa.

Abu biyu nake so Malama ta kiyaye. Cin jarrabawa daban, zaɓen darasi daban: a Ingila, duk da fifikonsu, mata sun daɗe suna kusan ɗaya cikin biyar na masu ɗaukar fiziks a matakin share fagen jami'a. Sannan sakamako yana ƙirga waɗanda suka zauna jarrabawar ne kawai. Inda ake cire 'yan mata daga makaranta kafin ajin ƙarshe, waɗanda suka rage zaɓaɓɓu ne, galibi 'ya'yan masu hali, kuma makinsu mai kyau yana iya rufe asarar da aka yi a hanya. A Afganistan, inda aka rufe wa mata sakandare tun 2021, babu ma jerin da za a kwatanta.

Malamar_Aji ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Maganar Baba Shugaba ta taɓa ni, domin mu ma muna raba ɗalibai aji-aji bisa makin shekarar farko, kuma ban taɓa duba su wane ne suke ƙarewa a ajin ƙasa ba. Ƙanwata Ɗaliba kuma ta tuna mini cewa ban ƙirga waɗanda suka bar makaranta kafin jarrabawa ba. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan koma taron da wannan bayani ba tare da na ƙara wa masu cewa "ai su haka suke" hujja ba. Ina tsoron kada teburin da na zana ya zama tambari a goshin yaran.

Mai_Nazarin_Alƙaluma ya sake amsawa:

Tsoronki yana kan hanya, Malama. Karla Hoff da Priyanka Pandey sun gwada yara maza a ƙauyukan jihar Uttar Pradesh ta Indiya da wasan warware hanya a takarda. Lokacin da ba a ambaci rukunin gadon kowa ba, 'ya'yan ƙasƙantaccen rukuni sun yi daidai da sauran, amma da aka kira sunan kowa da rukuninsa a bainar jama'a, sai ƙoƙarinsu ya faɗi. Saboda haka teburin na malamai ne, kada ya isa kunnen ɗalibai, kuma kada a sa sunaye a ciki.

Game da yadda za ki tsara shi, na karɓi gyaran da Baba Shugaba ya yi mini: kada ki jera abubuwan daban-daban, ki haɗa su. Ki ɗauki yaran waccan ƙabila ki kwatanta su da sauran yaran da iyayensu suke da matsayi irin nasu. Idan tazarar ta ɓace, to abin da ake kira al'ada talauci ne ya sa rigar ƙabila, kuma an bar jaki ana dukan taiki. Idan ta rage amma ba ta ɓace ba, sai ki duba harshen da suke yi a gida, yawan fashinsu, da ajin da aka jefa su tun shekarar farko. Ki yi haka ga mata da maza a cikin kowane rukuni, domin yarinyar gidan masu hali da yarinyar gidan talakawa ba labari ɗaya suke ba.

Ki fara ƙirga daga rajistar shiga aji ɗaya, ba daga ranar jarrabawa ba. Ki kuma yi hattara da ƙananan lambobi: idan yaran rukuni ba su wuce bakwai ko takwas a shekara ba, ɗalibi ɗaya da ya yi rashin lafiya zai iya karkatar da matsakaicin, don haka gara ki haɗa shekaru biyar ɗin wuri ɗaya.

Akwai kuma gwaji ɗaya da ba ya cin kuɗi wanda za ki iya ba taron shawara a kai. A jarrabawar zango mai zuwa, ɗalibai su rubuta lamba maimakon suna, malamin wani aji ya duba takardun, sannan a ajiye wannan maki gefe da wanda malamin ajin ya saba ba kowane yaro. Idan kun yi, ki dawo mana da abin da kuka gani, musamman a darasin insha'i, inda mai dubawa ya fi samun damar bin ra'ayinsa.